Ruwan da Aka Ƙara wa Kwalbar Alif

Satin da ya wuce Hadiza, ɗiyar ƙanena da ke koyar da kimiyya a Bodinga, ta zo gaishe ni da abokan aikinta biyu, ta ajiye kwamfuta a kan tabarmata. Wai sun samu wata manhaja ta koyar da darasin kiristal, lallai sai na gani tunda aikina ne a da. Ta taɓa wuri guda, sai ga ƙwayar gishiri ta cika fuskar na'urar tana juyawa, ƙwallaye kore da fari a jere. Ta sake taɓawa, wani haske ya ratsa ta, ɗige-ɗige suka fito ta baya. Ɗaya daga cikin samarin ya ce, "Baba, ka ga abin da kuka shekara kuna wahala a kai? Minti biyu an gama."

Na ce, "Wa ya gaya wa na'urar haka gishiri yake?"

Ya ce ai masana ne suka zuba a ciki.

Na ce, "Ka gan su?"

Suka yi ta dariya, Hadiza na cewa, "Kai Baffa, kai dai ba ka yarda da kowa ba." Gaskiyarta. Shekara talatin da ɗaya na yi ina ma'aikacin ɗakin gwaji a makarantar sakandare, kuma rashin yarda na cikin kayan aikina. Ga abin da na gaya musu ranar: ban ce manhajarku ƙarya take yi ba. Na ce dai abin da bai taɓa lalacewa a hannunka ba, ba ka san shi ba tukuna. Tunda kun ce sauƙi gare shi, ku gyara zama.

Aikin farko da aka ba ni wankin kwalabe ne. An ɗauke ni a farkon mulkin farar hula, lokacin da mu mutanen ƙasar Shagari muke ganin arziki ya zo ya yi shimfiɗa a ƙofar gidanmu. Makarantar kwana ce ta maza a gefen garin Shagari. Motoci na ta sauke akwatunan kayan kimiyya, wani ka buɗe ka samu kaya cif, wani ka samu rabin kaya da ciyawa. Malamin kimiyyarmu wani gajeren Ba'indiye ne, yara suka laƙa masa Mista Hankali, don kalmar Hausar da ya riƙe ke nan, kuma ita yake faɗa daga safe har a tashi. Wata uku ina wanke masa kwalba. Sai ya ɗaga ta wajen taga ya juya, in ya ga ɗigon ruwa ɗaya ya maƙale a jikinta, ya miƙo mini ya ce, "Hankali." Na sha zaginsa a zuci. Daga baya na gane ɗigon da ya maƙale maiƙo yake nunawa, kuma maiƙon da ido bai gani ba ma ya isa ya ɓata gwajin sati guda.

A ɗakin na tarar da Arzika, mutumin Dingyadi. Ya girme ni da shekara shida, ya kuma riga ni shiga aikin da uku. Ba shi da yawan magana, sai ya wuni bai ce uffan ba, amma Allah ya ba shi hannu. Wannan hoton gishirin da kuka nuna mini yana juyawa, Arzika da laka yake yinsa. Ya mulmula ƙwallaye daidai wa daida, ya huda su da ƙusa tun suna ɗanye, ya kai wa masu tukwane su gasa, ya shafa wa rabi fenti, sannan ya sarƙa su da wayar gargaren keke. In ya gama, ka ɗora a tebur ka kalla ta kowace kusurwa, layi ba ya karkacewa. Na gwada sau da yawa, nawa kullum sai ya fito kamar rumbun da iska ta tura. Wannan ban taɓa musu ba, a nan ya fi ni.

Abin da ake son yaro ya gane a darasin ba shi da yawa, amma yana da wuyar shiga kai. Kiristal shi ne abin da ya daskare da fuskoki a miƙe, kamar ƙwayar gishiri ko sukari, kuma miƙewar tasa daga ciki take, don ƙwayoyin zarrarsa a jere suke sahu-sahu. To wa ya leƙa ya gani? Mista Hankali na da baƙin fim guda biyu a cikin ambulan, irin na asibiti, da ya zo da su daga jami'arsu. Babu ƙashi a ciki, sai ɗige-ɗige a tsare. Ya ce hasken eksire da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, in aka harba shi ta cikin kiristal, sai ya watsu ya bar waɗannan ɗigo, daga tsarin ɗigon kuma ake lissafa yadda sahun ciki yake. Na'urar da ke yin haka ba mu da ita. Har yau ban taɓa sa ta a idona ba.

Saboda haka dabara muke yi. Da tsakar rana mu toshe tagogi da barguna, mu bar kafa guda, mu manna mata murfin gwangwani da aka huda da allura, a ajiye madubi a waje ya turo rana. Yaro ya tsaya can ƙarshen ɗaki ya kalli ɗan hasken ta cikin ƙyalle mai ƙananan ido. Ɗigo ɗaya sai ya zama da yawa, a jere gicciye da tsaye. Ya juya ƙyallen, su juya. Ya ja shi a karkace, su karkace. Nan za ka ji yaro ya ce, "La ila!" To ya gane ke nan: saƙar ƙyalle ta tona asirinta a cikin haske ba tare da an ƙirga zare ba. Amma neman ƙyallen da ya dace ya ba ni wuya. Harsar rawani ta yi sako-sako, atamfa ta yi kauri. Na zagaya 'yan yadi a kasuwar Shagari ina kara kowane ƙyalle a ido ina kallon sama, ban sayi ko taƙi ɗaya ba, har wani ya bi ni da tambaya ko wani malami ne ya ba ni laƙani. A ƙarshe ƙyallen tsohuwar lema ne ya yi.

Da labari ya bazu cewa a makaranta akwai masu sanin duwatsu, sai baƙi suka fara zuwa. Wani Alhaji daga Dandin Mahe ya zo da dutse a ƙulle cikin tsumma uku, ya ce masu haƙa masa rijiya ne suka tono. Fari ne tas, mai fuska shida. Na ce, "Alhaji, wannan farin dutse ne kawai, ba lu'ulu'u ba ne." Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "To ba ni abuna." Ya ƙirga tsummansa, ya auna dutsen a tafin hannu ko na gutsura. Bayan kwana biyu ya dawo ya kai wa Arzika a ɓoye, ya ce wancan yaron so yake ya raina abin don ya saye da arha. Arzika ya gaya masa abin da na gaya masa. Alhaji ya fita yana cewa ai bakinmu ɗaya. Haka aikin yake, kowa na zargin kowa.

Nawa gwanintar renon kiristal ce, kuma da alif nake yi, wannan da ake sa wa ruwa ya kwanta, wasu na ce masa alimun. Ka dafa ruwa, ka yi ta zuba alif kana motsawa har ruwan ya ƙoshi ya ƙi karɓa. Ka tace, ka bar shi ya huce. Washegari za ka ga 'yan ƙwayoyi a gindin kwano. Ka zaɓi mafi kyau guda ɗaya, ka ɗaure shi da zaren fatsa, ka rataya a tsakiyar kwalba cikin wannan ƙosasshen ruwa, ka rufe baki da takarda. Daga nan aikinka haƙuri ne. Ruwan yana ƙafewa kaɗan-kaɗan, alif ɗin da ya rasa wurin zama yana hawa jikin ƙwayar, tana girma da fuska takwas, tsini sama tsini ƙasa, garau kamar gilashi. Abokan gabanta uku ne: girgiza, ƙura, da sauyin zafi. A ƙasarmu kuwa da rana ɗaki tanda ne. Mista Hankali ya yi ta yi yana kasawa. Ni na kawo shawarar randa: a zuba jiƙaƙƙen yashi a ciki, a binne kwalbar zuwa wuya, a ajiye a ƙuryar sito. Ranar da ya ga abin ya yi, ya riƙe hannuna biyu yana girgizawa, bai ce hankali ba.

Sai shekarar wahala ta zo. Soja suka karɓi mulki, damina ta yi gardama, gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a Lambara, garinmu. Akwatuna suka daina zuwa. Famfon makaranta ya ƙafe. Mista Hankali ya haɗa kayansa ya koma ƙasarsu, kuma ranar tafiyarsa ni ya miƙa wa ambulan ɗin fim, a gaban Arzika. Arzika bai ce komai ba. Ni kuwa na ajiye wannan shirun nasa a raina.

Ba a daɗe ba shugaban makaranta ya kira mu ofis mu biyu. Ya ce takarda ta zo daga Sakkwato, ana rage ma'aikata, ɗakin gwaji mutum ɗaya za a bar wa. Kwamiti zai zo nan da wata biyu, amma shi za a tambaya sunan wanda zai tafi. Ya ce, "Kowa ya nuna mini abin da ya iya. Ba ni da zaɓi a cikinku." Muka ce, "Ranka shi daɗe," muka fito. Ina da mata da 'ya'ya biyu a lokacin, da tsohuwa a Lambara, rumbu kuma wayam. Arzika na da 'ya'ya biyar. Daga ofis zuwa ɗakin gwaji ba wanda ya dubi wani.

Na san in shekarun aiki za a bi, ni zan tafi. In kuma kayan laka za a jera, ni zan tafi. Abin da ya rage mini alif ne. Na ƙudura zan reni wanda ba a taɓa gani ba a makarantar, in ajiye wa shugaba a tebur ya ɗauka da hannunsa. Na sayi alif mai kyau, na tace ruwan sau uku, na zauna da madubin ƙara girma na zaɓi ƙwaya a cikin fiye da hamsin. Sati uku abin na tafiya kamar an yi masa addu'a. Ya kai girman goro, gefunansa har suna iya yanka takarda.

Ran nan da safe na ɗaga takarda na jawo zare. Tsinin ya dakushe, gefunan sun yi sulɓi kamar sabulun da aka yi wanka da shi. Na ce zafi ne. Na ƙara jiƙa yashi, na sa ma'aunin zafi a randa ina dubawa sau huɗu a wuni, bai motsa ba. Na sake haɗa ruwa, dutsen alif ɗin ya fara warkewa. Bayan kwana huɗu ya sake narkewa.

Sai na manna filasta a jikin kwalbar, na ja layi da biro daidai bakin ruwa. Ƙa'ida ita ce kullum ruwan ya sauka ƙasa da layi. Kwana biyu yana sauka. A na uku na tarar ya hau sama da layin da faɗin yatsa. Ruwa ba ya haihuwa a kwalba. Wani ne ke ƙarawa, kuma ruwa tsura yake ƙarawa, wanda bai ƙoshi ba, shi kuwa da ya shiga sai ya ci daga jikin dutsen.

Na zauna a kan kujera na yi lissafi, kuma har yau ina cewa lissafin ba na wawa ba ne. Mu uku ke shiga sitona. Ni, da Arzika, da Baba Nomau, wani tsoho da makaranta ta ɗauka yana kawo ruwa daga rijiya tun da famfo ya ƙafe, yana shigowa ta ƙofar baya da sassafe ya cika mana duro. Baba Nomau ko harafi ɗaya na boko bai sani ba, kuma ba abin da zai samu in na tafi. Na ce da jahili ne ke son ɓata mini aiki, kwalbar zai fasa, ko ya sace dutsen. Ƙara ruwa kuwa sai wanda ya zauna gaban Mista Hankali, wanda ya san ruwa tsura na kashe kiristal ba tare da ya bar shaida ba. Mutum biyu ne suka san haka a duk faɗin makarantar, kuma ɗayan ni ne.

Tun daga ranar komai Arzika ya yi sai ya zama hujja. In ya riga ni zuwa, na ce ya zo aikinsa. In ya makara, na ce kunya ce ta riƙe shi. Ya gaishe ni, na ce daɗin baki. Ya yi shiru, na ce ai mugu shi ya san makwantar mugu. Teburinsa da nawa taku huɗu ne, muna cin tuwo a kwano ɗaya shekara huɗu, amma na daina sa hannu. In ya doshi ƙofar sito sai in miƙe in tsaya. Da ya lura, sai ya daina dosar wurin gaba ɗaya, ni kuma na ce ka ga, ya koma bin ƙofar baya.

Saura sati biyu kwamiti ya zo, dutsen ya koma kamar ƙwayar dabino. Na ɗauke shi na kai wa shugaba. Na ce, "Ranka shi daɗe, ana lalata mini aiki, kuma wanda ke yi ya san aikin." Ya tambaye ni ta yaya ake lalatawa. Na gaya masa maganar ruwa, amma na roƙe shi kada ya ambata ta a gaban Arzika. Wayo ne nake ji da shi. Na ce a bar shi, in ya furta kalmar ruwa da bakinsa, ya kama kansa ke nan.

Aka kira Arzika. Ya shigo da laka a hannu, ya tsaya. Shugaba ya ce, "Malam Arzika, Haliru ya ce ana ɓata masa abin da yake reno a randa. Me ka sani?"

Arzika ya juyo ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Sannan ya ce, "Ranka shi daɗe, ban taɓa kwalbatai ba."

"Za ka iya rantsuwa?"

Ya ce, "Gaskiya niƙ hwaɗi. Amma ba ni dahwa Alƙur'ani saboda alif. Ubana ya hana mu rantsuwa ko muna da gaskiya, kuma ba yau zan hwara ba."

Kun san akwai irin waɗannan gidaje, har yanzu akwai su. Ni ma na sani, don kakana haka yake. Amma a ranar abin da na so in ji ke nan. Shugaba ya dube ni, na dube shi. Ya ce mu tafi. Ba ihu, ba zagi, ba wanda ya ce wa wani ɓarawo. Da kwamiti ya zo, mutum uku ne a mota guda, suna sauri su kai wata makarantar kafin azahar. Na toshe tagogi na nuna musu ɗigon haske, ɗayansu ya kara ƙyallen lema a ido ya ce madalla. Kayan lakar Arzika na jere a kan tebur, ba wanda ya tambayi wa ya yi. Dutsena ma ba su nema ba. Suka karɓi takarda a hannun shugaba suka wuce. Ƙarshen wata Arzika ya miƙa mabuɗi, ya ɗaure buhunsa a bayan keke. Ya ce mini, "Sai wata rana, Haliru." Na ce, "Allah shi kiyaye hanya." Ba zan ɓoye muku ba, daɗi na ji.

Da aka dawo hutu na ɗaura sabuwar ƙwaya saboda 'yan aji biyar, hankalina kwance. Sati biyu tana girma. Ran wata Litinin na duba filasta, ruwa ya hau sama da layi.

Na tsaya riƙe da zaren nan. Har a lokacin zuciyata ba ta saki ba, wallahi sai da na ce ko ya bar wani yana yi masa. Na bar ruwan ya sake sauka kwana uku. A na huɗu, daga sallar asuba na wuce makaranta, na shiga sito na zauna bayan kabad.

Gari ya yi haske sai na ji ƙarar garwa. Baba Nomau ya turo ƙofar baya, ya sauke garwa biyu, ya juye a duro yana nishi. Ya ɗauki sandarsa zai fita, sai ya tsaya. Ya je wurin randa, ya ɗaga takardar a hankali da yatsa biyu, ya leƙa, ya girgiza kai. Ya ɗauki gwangwanin da muke ɗiban ruwa, ya ɗebo, ya yi bisimilla, ya tsiyaya a gefen kwalbar sannu-sannu don kada ya taɓa zaren. Ya mayar da takarda yadda ya same ta.

Na fito na ce, "Baba!"

Ya razana har gwangwanin ya faɗi. Ya ce, "Subhanallahi! Malam, kai na? Ina kwana?"

Na ce, "Baba, me kake yi?"

Ya yi murmushin wanda aka kama yana abin kirki. Ya ce, "Ba komi, Malam. Na ga abinga naka kullum ruwa nai na ƙahewa, kai kuma aiki ya yi maka yawa. Ni ka ɗauke da ruwa, in wuce abin mutum shina bushewa? A wagga shekara? Ai ba a yi."

Na ce, "Tun yaushe?"

Ya ce tun kafin hutu. In ya ga ya sauka sai ya ɗan ƙara.

"Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

Ya dube ni kamar na yi tambayar yara. Ya ce, "Haba Malam. Ɗan ruwan da bai kai moɗa ba, in zo in hwaɗi? Sadakar da anka hwaɗi ai ta rage lada."

 Mutumin da ke tafiyar rabin mil da garwa a kafaɗa, a shekarar da ake faɗa a bakin rijiya, ya ware mini nasa alheri a ɓoye. Na dai ce masa daga yau ya bari, wannan abin ƙishi yake so. Ya ce ikon Allah, ya ɗauki garwarsa.

Ban jira an buga ƙararrawa ba, na tafi gidan shugaba na same shi yana karin kumallo. Na faɗa masa duka. Ya ajiye cokali ya yi salati. Na ce a rubuta takarda a dawo da Arzika, in ma ni za a cire a cire. Ya ce, "Haliru, sunan ya tafi Sakkwato, daga can ya wuce inda ni ban isa ba. Mutum nawa aka sallama a jihar nan? Wa zai buɗe fayil saboda gwangwanin ruwa?" Duk da haka ya rubuta, na kai Sakkwato da hannuna. Na yi sawu huɗu. Amsar da nake samu ita ce a dawo wani sati.

Ranar wata Asabar na hau motar Bodinga, daga nan na ari keke zuwa Dingyadi. Aka ce mini yana fadama. Na same shi a bakin wata 'yar rijiya da ta yi zurfi, yana jan guga yana ba albasa ruwa, fangali bai fi goma ba, kuma aro aka ba shi. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Muka gaisa kamar yadda aka saba, ya tambayi iyali, ya tambayi yara 'yan makaranta. Na tsuguna a gabansa, na ce, "Yaya Arzika, na zo neman gafara. Na zalunce ka. Ba kai ba ne, na gani da idona."

Ya ci gaba da jan igiya har guga ya fito. Ya ce, "Na yahe maka tun ran da nib baro. Abincina ne ya ƙare a can. Tashi, ƙasa da zahi."

Na tashi. Ya juye ruwan a fangali, ya tsaya yana kallon yadda yake bi. Sai ya ce, "Amma Haliru, wani abu ka damuna. Wai shin mi anka yi ma dutsen nan? Har yau ba wanda yag gaya mani. Hwasa shi anka yi?"

Na ce, "Ruwa ake ƙara masa."

Ya saki igiyar. Ya juyo gaba ɗaya ya dube ni.

"Ruwa? Da gwangwani, da sahe?"

Na ce e.

Ya ce, "Ai na gan shi. Sau biyu ina shigowa shina tsiyayawa. Na aza ruwan alif ne kah haɗa kab ba shi shi riƙa ƙara maka." Ya goge hannunsa a riga. "Ina tsaye gabanka a ohis, Haliru. Da ka ce ruwa, da na ce Nomau."

 Ya sunkuya ya laluɓo igiyarsa, ya sake jefa guga. Na yi shekara ashirin da shida bayan nan a kan kujerar ɗakin gwaji, sunan Arzika kuma bai taɓa dawowa daga Sakkwato ba.